Rasuwar Wandona Mai Ruwan Toka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wandona na yadin filanel, wadda ta auku jiya da hantsi a kan teburin tela, bayan doguwar jinya.

Marigayin ba ɗan gwanjo ba ne. Yayata ce ta sayo yadin, ulu mai laushi, lokacin da na samu aikin karɓar baƙi a otal. Tela ya auna ni, ya sake aunawa, ya sa masa shafi har gwiwa, ya bar rara a ƙugu, wai mai sabon aiki ba ya rasa tumbi.

Na riƙe amanarsa. Ban taɓa sa shi kwana biyu a jere ba. Buroshi ya sani, sabulu sai dole. Guga kuwa sai da ɗanyen ƙyalle a tsakani. Shi ma ya rufa mini asiri shekara da shekaru. Ba shi da hayaniya, iyakarsa ɗan shuu-shuu in muna hawa bene.

Bara ciwon ya soma. Wandon ya riƙa zamewa, ina cewa yadi ne ya saki. Na ƙara wa bel huda da ƙusa, na kai wa tela ya rage ƙugu. Ba a jima ba muka koma. Uwar yara ta daina tsokanata, ta koma kallon kwanona in na ture shi.

Jiya tela ya zagaya tef a ƙuguna, ya duba, ya sake dubawa. Can ya ce, “Malam, in na ƙara ragewa aljihunan baya za su haɗe. Wandon nan lafiyarsa lau. Kai za ka je a duba.” Ya ninke shi ya miƙo mini. Daga shagon na wuce asibiti, aka ɗebi jinina. Likita ya ce in dawo ranar Alhamis, in zo da wani nawa. Ban tambaye shi dalili ba.

Marigayin ya rasu ya bar kwat ɗaya, wadda ita ma ta yi mini yawa, da bel mai hudoji, da ni. Babban ɗana ya kamo tsawona, amma ban bari ya gwada shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da la'asar a ɗakinmu. Za a naɗe shi a tsohon zanen gado, a sa kafur saboda asu, a kwantar da shi a ƙasan akwati. Uwar yara ta hana a kyautar da shi, ta ce zan sake cika shi. Masu ta'aziyya su taimaka, kada a tambaye ni rama. In na makara a asibiti a jira ni, kada a rufe akwatin ba na nan.