Ranar da Kwamfuta Ta Tona Mini Asiri

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar taron iyayen yara a makarantarmu ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ba a daɗe da ba mu jihar Katsina ba, ina koyar da lissafi a wata sakandare da ke gefen Malumfashi. Wani Bature da ya koyar da kimiyya a wajenmu ya tashi komawa gida, ya bar wa makaranta kwamfutarsa da firinta. Da yake ni na fi kowa zama kusa da shi, sai aka damƙa mini ita, aka kuma laƙaba mini Injiniya (ban hana ba, har tafiyata ma sai da ta canza).

Na'urar tana aiki lafiya, sai dai ƙwaƙwalwarta kaɗan ce. In ka buɗe cikinta akwai wani faffaɗan allo kore wanda komai ke zaune a kansa, masu sana'ar suna ce masa madabod. A gefe guda an jera wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu kamar kyankyasai, su ne ƙwaƙwalwar, kuma akwai ramukan da babu komai a ciki. Waɗannan ramukan suka hana ni sukuni. Na matsa wa Shugaban makaranta, Malam Yakubu, har ya gaji ya ce in je Kano in sayo.

A wani shago na sami wani Alhaji da tulinsu a cikin gwangwanin madara. Na nuna masa ɗaya daga cikin namu da na ciro, ko dubawa bai yi ba.

"Malam, ai duk ɗaya ne. Ƙafafun ka ƙirga, in sun yi daidai shi ke nan."

Duk ɗaya ne! Allah ya isa tsakanina da wannan kalmar.

Na dawo na jera su ɗaya bayan ɗaya. Na kunna, ta tashi, har na yi 'yar rawa a ofis. To amma daga ranar na'ura ta koma kamar mai aljanu. Da safe lafiya lau, da rana ta take sai ta sandare, ko ta watso wasu haruffa marasa kan gado, aikin da aka yi duk ya bi iska.

Kowa na zarga ban da kaina. Na ce janareta ce, aka kira makaniki ya kwance ta ya ɗaure. Na ce ƙura ce, na hana kowa shigowa da takalmi. Daga ƙarshe na sauke fushina a kan Malama Rifkatu, mai buga tafireta, wadda ta kusa haihuwata.

"Malama, wannan ba tafireta ba ce da za ki riƙa dukanta kamar kina sussukar gero! Ke kika lalata ta."

Ta ɗaga kai ta dube ni a natse.

"Malam, kafin ka je Kano haka nake dukanta, ba ta taɓa kuka ba."

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na hana ta taɓa na'urar gaba ɗaya.

Na je wajen Shugaba in roƙi fanka da izinin komawa Kano. Na tarar da shi yana gyangyaɗi. Ya buɗe ido ɗaya ya ce babu inda zan je, kai ne Injiniya, ka gyara, kuma ranar taro so yake iyaye su ga na'ura tana yi musu maraba. Na fito ina huci.

Baturen ya taɓa koya mini dabarar gwada ƙwaƙwalwa: ka rubuta jimla ɗaya, ka sa na'ura ta yi ta maimaita ta tana bugawa a takarda, ka ga inda za ta ruɗe. Na zauna zan yi wannan gwajin zuciyata na tafasa, don haka jimlar da ta zo mini ita na rubuta. Na adana ta a faifan kwamfuta, na kuma tsara faifan ya tashi da kansa da zarar an kunna (a lokacin gani nake wannan ba ƙaramar basira ba ce). Ban rubuta komai a bayansa ba. Faifan da na adana saƙon maraba da iyaye ma haka. Baƙaƙe ne iri ɗaya.

Ranar taro zaure ya cika maƙil. Manoman auduga da masara daga Ƙarfi da ƙauyukan kewaye, matan zumunta da ankonsu, liman da fasto a layin gaba, ga wakilin ma'aikatar ilimi. Aka ɗora kwamfuta a tebur kamar amarya. Na kunna, ta rubuta barka da zuwa, aka yi tafi. Amma jawabai suka yi tsawo, kwanon rufi ya ɗau zafi, kuma daidai lokacin da Shugaba ya ce a buga wa shugaban ƙungiyar iyaye takardar maraba, sai ta sandare.

Na kashe, na zare faifan, na hura shi, ya faɗi cikin kwalin da sauran faifan suke, na lalubo na mayar, na kunna. Firinta ta kama ƙara tana aman takarda. Na yi ajiyar zuciya.

Shugaban iyayen, Alhaji Sale, dattijo ne da ya koyi boko a yaƙi da jahilci, kuma yana alfahari da hakan. Tun kafin in duba ya yage takardar, ya gyara tabarau, ya matso bakin lasifika, ya karanta gaɓa-gaɓa:

"Shu-ga-ba bai i-ya ko-mai ba sai bar-ci a o-fis da cin ka-jin ma-ka-ran-ta."

Alhaji Sale ya ɗauka kuskure ya yi, ya sauka layi na biyu, ya sake karanta abu ɗaya. Firinta kuwa ba ta daina ba, takarda har ƙasa. Na'urar da ke sandarewa kullum, ranar ko tuntuɓe ba ta yi ba, 'yar banza! Can daga baya wani ya ɗaga murya:

"Ikon Allah! Ashe na'urar ma ta sani?"

Dariya ta ɓarke, har fasto ya rufe fuska da hula. Na fizge waya daga bango. Malam Yakubu bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya matso ya ce a hankali, "Injiniya, ita ta ƙirƙira, ko koya mata aka yi?"

Aka karɓe makullin ɗakin kwamfuta aka ba Malama Rifkatu, ni kuma aka ƙara mini kula da gonar makaranta, damina guda ina bin yara a kunyar gyaɗa. Ƙarin girman da nake jira ya wuce ni.

Sai da hutu ya zo na roƙi Malama Rifkatu ta buɗe mini. Na ɗauko gilashin ƙara girma daga ɗakin kimiyya, na duba 'yan lambobin da ke bayan kyankyasan nan. Na asali sun ƙare da sha biyu, na Alhajin Kano da sha biyar. Wato nasa sun fi jinkiri, ba sa iya bin saurin allon, in zafi ya taso kuma sai su rikice baki ɗaya. Na cire su, na'ura ta koma lafiyarta kamar ba ita ba. Na ba Malama haƙuri, ta ce ba komai, amma sai da ta ba kowa labari a coci.

Abin da na koya shi ne, in za ka ƙara wa na'ura ƙwaƙwalwa, fara duba lamba, kada ka tsaya ƙirga ƙafafu. In kuma ranka ya ɓaci, ka je bayan aji ka yi gunaguninka kai kaɗai. Kada ka gaya wa abin da ke da firinta.