Rasuwar Kwalliyar Katako ta Motar Na-Gyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da aka matsa suka ƙi kawo hawaye, iyalan Na-Gyara, malamin makaranta kuma mai gyaran duk abin da ya shigo gidansa ko da bai lalace ba, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Kwalliyar Katako ta cikin motarsu. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan cinyar Maman Yara, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta shigo gidan ne a cikin kwali, lokacin da motar take cikin tsaka mai wuya. Dashbod, wato allon gaban mota, ya tsattsage kamar faso, har Maman Yara ta rantse ba za ta ƙara shiga ba, ta ce a sayar kowa ya huta. Shi kuwa Na-Gyara ransa yana kan motar nan, don a cikinta ya ɗauko ɗansu na fari daga asibiti, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Sai ya roƙi a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen mako.

Ranar Asabar ya wanke cikin motar tas, ya jera guntayen marigayiya a tsakar gida, ya ari na'urar busar da gashi ta matarsa ba tare da saninta ba don ya ɗumama gam. Takardar bayani kuwa ya ture ta gefe, wai mai koyar da karatu ba a koya masa liƙi. Ya riƙa ɓare bayan kowane guntu yana dannawa da babban yatsa, harshe a waje, gumi na ɗiga. Na wajen giya ya liƙa shi a juye, kuma har yau yana nan a kan bakansa cewa haka ake yayi. Da yamma Maman Yara ta leƙa, ta shiga ta zauna, ta shafa, sannan ta ce, "To, ba laifi." Duk wanda ya san gidan ya san ba ƙaramin yabo ba ne wannan. Daga ranar maganar sayarwa ta bi ruwa.

An shaidi marigayiya da kunya da kawaici. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ita katako ce ba, mutane ne suka ɗora mata, ita kuma ba ta musa ba. Ba ta taɓa neman fenti ba, gara ba ta taɓa samun sa'arta ba. Ta jure shayin da aka zubar mata da yatsun yara masu maiƙo. Rana ɗaya ce asirinta ya kusa tonuwa, ranar da aka rage wa surukin Na-Gyara hanya, tsohon kafinta. Dattijon ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta amsa masa fas-fas, amsar roba tsantsa. Ya dubi mijin 'yarsa, ya ga yadda ya riƙe numfashi, sai ya ce, "Itacen zamani ke nan," ya mayar da kansa taga. Iyalai suna yi masa godiya ta musamman.

Ciwon ajali ya fara ne daga kusurwar da ke kusa da rediyo, inda rana ta fi duka. Bakin ya ɗaga kaɗan, kamar mai son yin magana. Na-Gyara bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya gwada sabon gam, ya gwada salatif, ya gwada cingam ɗin auta, daga baya ya koma tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da majinyaciya. A watanninta na ƙarshe takan ce ƙwas-ƙwas a kowane rami, in an taka birki ta ja tsaki. Ranar Talata, a kan tudun rage gudu na gaban kasuwa, ta ce ɓaras, ta sauko gaba ɗayanta. Maman Yara ta yi dariya har da riƙe ciki, abin da iyalai suka ɗauka a matsayin gigin rashi.

Ta rasu ta bar ƙanwarta ta wajen giya, wadda har yanzu take a juye cikin ƙoshin lafiya, da tagwaye biyu a jikin ƙofofin gaba, ɗaya ya fara tari. Ta bar rigar sitiyari, da turaren da ke rataye a madubi wanda ƙamshinsa ya riga ta tafiya tuntuni. Ta kuma bar Na-Gyara, wanda aka gani jiya yana duba hoton wata mai duhun launi a wayarsa. Ya ce addu'a yake yi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ƙofar gareji, daga nan a raka ta bakin titi kafin motar shara ta wuce. Ba a buƙatar kujeru, zaman ba mai tsawo ba ne. Ana dai roƙon duk mai zuwa ta'aziyya ya taho da tsumma da ɗan kananzir, kuma ya naɗe hannun riga tun daga gida, domin marigayiya ta tafi, amma gam ɗinta ya ce shi ba inda za shi.