Ranar Da Na Tsaya Wa Mirfat A Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Arba wa Nus ta birnin Alƙahira ba, ranar da na je gaida iyayen yarinyar da nake nema, na ƙare a tsaye tsakiyar falonsu ina kare mutuncin wata yarinyar daban, wadda ko a duniya babu ita.

Karatun shari'a ne ya kawo ni Alƙahira. Da na zo, Larabcina na manyan littattafai ne: zan iya yi maka bayanin rabon gado, amma in ce wa mai shago ya ba ni albasa sai gumi ya keto min. Malaminmu na lugga ya ce maganin abin shi ne mu riƙa karanta littattafan yara. Na tafi Azbakiyya wurin masu tsofaffin littattafai, wani dattijo ya miƙo min ɗauri guda da igiya, ya rantse cewa Larabcin ciki kamar zuma. Sai da na koma ɗakinmu a Abbasiya na kwance ɗaurin, na ga ashe labarin 'yan mata ne.

Tsofaffin labarai ne da aka rubuta a ƙasar Turawa tun zamanin kakanni, wani ya mayar da su Larabci. Mai fassarar ya canja sunayen yaran amma ya bar ƙanƙara da tafki yadda suke, don haka sai ka ga Sausan da Mirfat da Fauziyya suna rawar ɗari a wani daji mai dogayen itatuwa. Ƙungiya gare su. Duk hutu sai su shiga daji su kafa tanti, su hura wuta ba ashana, su tuƙa kwalekwale, wadda ta ƙware a wani abu a ƙara mata dutsen ado a sarƙarta. Na ce zan karanta shafi biyu saboda nahawu.

Shekarar da aka sa dokar hana fita ce, yamma na yi kowa na ɗaki. Kafin a ɗage ta na cinye littattafan kaf, na koma Azbakiyya neman waɗanda babu a ɗaurin. (Ka tuna a lokacin gemuna ya cika, ni ke jan sallah a gidanmu, ƙananan ɗalibai suna ce min Ustaz suna rage murya idan na wuce.) Abokan ɗakina sun ɗauka bitar karatu nake, har suna yabona. Ni kuwa ina can bakin tafki, hankalina duk yana kan ko Fauziyya za ta samu dutsen iyo. Igiyar shanyarmu ta sha wuya, don duk ƙullin da aka kwatanta sai na gwada shi.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya min a rai. A littafi na huɗu kwalekwalen yaran ya kwance daga bakin gaɓa, ya tafi da abincinsu duka, aka ɗora wa Mirfat laifi. Yarinya ce mai shiru, ba ta iya kare kanta. Aka cire mata dutse daga sarƙa a gaban kowa. Sai a littafi na bakwai gaskiya ta fito, cewa Sausan ce, tauraruwar labarin, ta sake ƙullin da nata na gaggawa. Na yi kwanaki ina jin haushin Sausan kamar 'yar unguwarmu.

To, a wannan tsakanin ne na haɗu da Nafisa, a wata makarantar yara da nake koyar da Alƙur'ani ranar Asabar, ita kuma tana koyar da lissafi. Hausawan Sudan ne, kakanninsu sun yada zango a hanyar Hajji ba su koma ba, daga baya mahaifinta Alhaji Usman ya dawo da iyalinsa Masar. Magana ta yi nisa, aka ce in zo a gan ni.

Malam Habibu ne ya raka ni, babbanmu a cikin ɗaliban Kano, wanda ya tsaya min a matsayin yaya. Tun daga Abbasiya har muka sauka daga ƙaramar bas huɗuba yake min: in sunkuyar da kai, kada in yi dariya har haƙori ya fito, in aka tambaye ni in ba da amsa gajera, sauran in bar masa. Na ce tamam.

Kuma wallahi da farko na yi ƙoƙari. Falon ɗan ƙarami ne, Alhaji Usman na zaune da ƙannensa biyu cikin fararen jallabiyoyi, an kawo gahawa mai citta. Tsakanin falon da sauran gidan babu ƙofa, wani labule ne mai kauri aka rataya a igiya, an ɗaure bakinta a ƙusa kusa da inda nake zaune. Ɗaya daga cikin baffannin, Baffa Siddiƙ, mai fuska ba wasa, ya jefo min tambaya kan gadon kaka. Na amsa a hankali, idona a kan darduma. Ya gyaɗa kai. Malam Habibu ya taɓa gwiwata alamar muna kan hanya.

Sai ga autar gidan, Ihsan, 'yar kimanin shekara goma, ta shigo gaida baƙi da littafi a hammata. Ko daga nesa na gane bangon. Littafi na huɗu ne.

Mahaifinta ya yi dariya ya ce mana yarinyar nan ko abinci take ci littafin nan na hannunta, a makarantarsu ta aro. Ya tambaye ta yau kuma me ya faru a dajin. Ita kuwa kamar jira take. Ta ce wata muguwa ce mai suna Mirfat ta bar kwalekwale ya tafi, saboda sakaci da baƙin ciki, kuma da ita ce shugaba korarta za ta yi gaba ɗaya.

Na ji wata murya ta ce, "Ba ita ba ce."

Sai da kowa ya juyo na gane muryata ce.

"Na'am, ɗana?" in ji Alhaji Usman.

A nan Allah ya ba ni ƙofar fita a buɗe. Da na ce tari ne ya sarƙe ni, da an wuce wurin. Amma Ihsan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ita ce mana. Ai kai ba ka karanta ba."

Ni ban karanta ba? Na gyara zama. Na ce mata Mirfat ta ɗaure kwalekwalen da ƙullin da shugabarsu ta koya musu, kuma Fauziyya shaida ce, tsoro ne ya hana ta magana. Ihsan ta ce ƙarya ne. Malam Habibu ya taka min ƙafa, na janye ƙafar na ci gaba. Na kawo hujja daga babi na uku, na kawo daga babi na tara, na ce a shari'a ma ba a hukunta mutum da zato. (Har da ɗaga yatsa, irin yadda nake yi a muhawarar makaranta.) Ta ce to in ba Mirfat ba wa ya yi? Na ce Sausan. Ta ce Sausan ba ta taɓa kuskure ba, kuma ƙulli ai ƙulli ne.

Wannan kalmar ce ta tashe ni tsaye. Na ce ƙulli ba ƙulli ba ne, a ba ni igiya in nuna. Ba wanda ya motsa. Na waiga, sai ga igiya a kusa da kafaɗata, ɗaure a ƙusa. Ban tsaya tunanin me take riƙe da shi ba. Na kwance ta, na yi ƙullin Mirfat, na ja da ƙarfi, ya riƙe gam. Na sake kwancewa na yi na Sausan, na ce wa dattawan nan uku su duba da kyau, da ja ɗaya zai tafi.

Kuma ya tafi. Labulen ya zube ƙasa gaba ɗaya.

A bayansa matan gidan ne a jere, kunnuwansu a inda labulen yake a da. Hajiya, mahaifiyar Nafisa, na kan kujera 'yar tsugunno da kofin gahawa. Goggonni biyu sun duƙa ɗaya a kan ɗaya. Wata maƙwabciya na riƙe da ludayi. Nafisa na can ƙarshe, ta cusa gefen mayafinta a baki, kafaɗunta na rawa. Muka kalli juna, su da ni, igiya a hannuna. Babbar goggon ta rasa abin yi, sai ta ce min, "Sannu da zuwa."

Kafin in amsa Ihsan ta fashe da kuka, wai na ɓata mata labari, yanzu ta san ƙarshensa, kuma Sausan ɗinta ce na ce ta yi. Ta ruga ciki ta bi ta kan labulen. Baffa Siddiƙ ya dubi Malam Habibu ya tambaye shi a nutse, wai wannan Mirfat ɗin 'yar uwata ce a Kano? Malam Habibu ya ce shi ma yau ya fara jin sunanta.

Na yi ƙoƙarin mayar da labulen, amma duk ƙullin da na iya ya gudu daga kaina. Alhaji Usman ya ce, "Ma'alish, ba komai ɗana, bar shi. Zauna ka sha gahawarka." Na lura bai yarda ya haɗa ido da kowa ba, gemunsa sai motsi yake.

Muka kama hanyar komawa ni da Malam Habibu har muka sauka daga bas. Sannan ya tambaye ni, tsakanina da Allah, littattafan nan guda nawa ne. Na faɗa masa. Ya ce inna lillahi, ya shige gida.

Na yi kwanaki ba na iya cin abinci sosai. Na riga na sallama, har na fara tsara yadda zan daina zuwa makarantar Asabar don kada mu haɗu da Nafisa. Ana nan sai wayata ta yi ƙara, Alhaji Usman ne da kansa. Bayan gaisuwa ya ce gidansa ya rabu biyu, Hajiya da goggo ɗaya suna bayan Mirfat, Ihsan da ɗaya goggon sun ce sai sun gani a rubuce, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa. "Yalla, maza ka zo mana da na bakwai ɗin," in ji shi. "Ka taho da yayanka, mu ƙarasa maganar da labule ya katse."

Bayan aurenmu Nafisa ta ba ni labarin zaman da aka yi a kaina. Baffa Siddiƙ ya ce a sake bincike, yaron nan kamar da motsi a kansa. Mahaifinta ya ce shi ya gama nasa binciken: mutumin da ya kasa ɓoye wannan a ranar da ya fi buƙatar ɓoye shi, babu abin da zai iya ɓoye wa 'yarsa. Khalas, shi ke nan, aka sa rana.

Har yau a dangin matata ba mai kirana Ustaz. Lauyan Mirfat suke ce min, yara da manya, har Hajiya. Ihsan ta girma ta shiga jami'a, amma in tana karanta littafi na shigo sai ta rufe ta zauna a kai.

Abin da na koya shi ne, in ka je gidan surukai ka ji ana yi wa wani ƙazafi, ka fara tabbatarwa mutumin yana duniya kafin ka miƙe. In kuma ka riga ka miƙe, to ka sa hannuwanka a aljihu.