Ranar da Na Sa Babban Baƙo Ya Share Kamfaninmu

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da ma na so, domin mutanen unguwarmu Shamaki sun ɗauki nauyin tuna mini ita har in koma ga Mahaliccina. Har yau in na gifta majalisar ƙofar gida sai wani tsoho ya ɗaga murya, "Tsintsiya, ina gajiya?" Sunan da aka yanka mini rago dominsa ya ɓace tuntuni.

Ƙarshen zamanin nan ne da kuɗin fetur ke ambaliya, Gombe tana ƙarƙashin Bauchi. Ina aiki a wani kamfanin gurzar auduga. Manajanmu, Alhaji Sabo, Bakano ne mai son a gani a yaba. Ya je Legas ya dawo ya ce ya sayo kwamfuta. Aka kawo ta a bayan tirela, girmanta ya kai rumbu (na ma rage, don kada ku ce ina ƙari). Aka gina mata ɗaki mai na'urar sanyi, mu kuwa 'yan Adam muna fifita da kwali. Ni aka tura kwas don in koyi sarrafa ta. Na dawo da tabarau wanda idona bai nema ba, da wata irin tafiya ta ƙasaita.

Abin da na fi taƙama da shi shi ne rubuta skirif na shel. Kada sunan ya firgita ku. Aike ne kawai kake jera wa kwamfuta layi bayan layi: shiga can, ɗauko wancan, buga wannan. Ita kuma ta bi a jere. Aibinta ɗaya, biyayyarta ta yi yawa. In layin farko ya gagara ba za ta tsaya ta tambaye ka ba, sai ta wuce na biyu abinta, sai fa in kai ka gaya mata ta tsaya. Malaminmu ya faɗi wannan a kwas. Ina jin a lokacin hankalina na kan abincin rana.

Mu biyu ne a ɗakin sanyin, ni da Madam Rifkatu, 'yar Kaltungo, mai buga tafireta. Ita ta kwashe watanni tana zuba duk aikin kamfanin a cikin na'urar, rahotanni da wasiƙu da bayanan manoma, har yatsunta suka yi kanta. Duk suna zaune a babbar folda, wato kamar tsakar gida. A gefe kuma na buɗe wata 'yar folda na sa mata suna "juji", inda muke jefa tarkacen da ba a so.

Sai na rubuta skirif ɗina abin alfahari, na raɗa masa suna "tsintsiya". Layin farko, cd, wato shiga juji. Layi na biyu, rm, wato share duk abin da ka tarar. Layi na uku ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe: AN GAMA LAFIYA. Kullum da safe nake kunna shi, bai taɓa ba ni kunya ba.

Aka sa ranar buɗe ɗakin kwamfuta, wani babban mutum zai zo daga Bauchi. Manaja ya kira ni ofis.

"Injiniya, in abin nan ya tafi daidai, kai ne shugaban sashen kwamfuta. Kuma ka san muƙamin da gida yake tafe, a GRA."

GRA! Kafin magariba duk Shamaki sun ji. Na gaya wa mai gidan da nake haya, Malam Buba, ya fara neman wani ɗan haya. Matata ta ɗaure kwanuka. Na fara gaida maƙwabta da hannu ɗaya, irin gaisuwar mai shirin tashi.

Manaja kuma ya zo da tasa dabarar. Ba zai riƙe takardar jawabi ba. Baƙo zai danna maɓalli da yatsansa, kwamfuta ta bugo jawabin a gaban jama'a, shi kuma ya zare ya karanta. Madam Rifkatu ta shigar da jawabin, ta miƙa masa rubutun hannunsa, ya yayyaga shi a gabanmu. "Zamanin wannan ya wuce," in ji shi.

Da safiyar bikin kamfani ya ɗauki haske. An shafa wa duwatsu farar ƙasa, an kore awaki, an ɓoye duk wani tsohon buhu. Ni ma na zauna gyaran nawa ɓangaren, sai idona ya faɗa kan allo: juji. Subhanallahi! Wane gida ne a Gombe za a yi baƙo a bar juji a gabansa? Nan take na cire foldar gaba ɗaya.

"Gara da ka cire," in ji Madam Rifkatu. "Da mun sha kunya."

Ban tsaya nan ba. Na'urar nan tana da ɗabi'ar ƙorafi, in abu ya gagare ta sai ta watso magana a allo. Na ce a raina, yaro ma ba ya mai da magana a gaban manya, balle ƙarfe. Sai na ƙara umarnin da ya toshe mata baki, duk ƙorafinta ya tafi inda ba mai gani. Daga nan na haɗa komai a maɓalli ɗaya: a yi shara tukuna don tsafta, sannan a buga jawabi. Gwaji? Ai gwaji na masu shakkar kansu ne. Na tafi ɗaura lakataya.

Baƙo ya iso da babbar riga da ta sha aiki. Manya suka cika ɗakin, sauran jama'a suna waje ƙarƙashin rumfa, an ja musu lasifika, an kafa makirufo dab da bakina don in riƙa bayani. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, nan za ka danna." Ya yi bismilla ya danna.

Kullum tsintsiya kafin ka ƙifta ido ta gama. Ran nan kuwa jar fitilar na'urar ta kama walƙiya ba tsayawa, cikinta na ƙugi kamar injin gurza. Na ce a raina, me take sharewa haka, alhali babu ko juj... Babu juji. Ta nemi shiga ta rasa ƙofa. Ta yi ƙorafi, na toshe mata baki. Ta wuce layi na biyu tana tsaye a tsakar gida. Share duk abin da ka tarar.

Jama'a, a ɗakin da sanyi ke sa haƙora kaɗawa, gumi ya jiƙa ni har cikin takalmi. Sai ga allo ya washe: AN GAMA LAFIYA.

Tafi ya ɓarke. A waje mata suka rangaɗa guɗa. Manaja ya taka gaban na'urar bugawa ya miƙa hannu yana murmushi, yana jiran jawabi. Shiru. Ya gyara tsayuwa. Shiru. Murmushin ya fara bushewa a fuskarsa, hannun na nan a miƙe. Na lallaɓa na duba babbar folda. Fayau. Ko filin idi bayan an watse ya fi ta kaya.

Baƙon ya juyo cikin fara'a ya ce, "To samari, yi wa jama'a bayani. Me na yi ke nan yanzu?"

Wallahi da ƙwaƙwalwata na aiki da na ce wuta ce ta yi ƙasa. Amma firgici ya riga ya kwashe ta. Na ji bakina, dab da makirufo, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka share kamfanin."

Lasifika ta kai maganar har bakin titi. Guɗa ta katse a tsakiya. Baƙon ya ɗaga yatsansa yana kallonsa kamar ba nasa ba. Madam Rifkatu ta ɗora hannu a ka ta ce, "Yesu! Har da nawa?" Na ce, "Madam, naki ne ma duka."

Manaja ya yi jawabi da ka. Ya yi wa baƙo barka da zuwa, ya yi wa 'yan rakiya barka da zuwa, ya dawo ya sake yi wa baƙo, sannan ya ce a kawo lemo. Bayan an watse ya tambaye ni kaset ɗin da ya kamata in riƙa kwafe aiki a ciki don irin wannan rana. Na ɗauko masa shi sabo fil, ko ledarsa ban ɓare ba (kullum ina cewa gobe).

Ba a kore ni ba, domin duk garin ba wanda ya san inda ake kunna na'urar sai ni. Amma GRA ta tafi. Da yamma na je na durƙusa gaban Malam Buba. Ya ce, "A'a, mutanen GRA ne a ƙasa? Tashi mana, kada wandon ya yi datti." Sai da ya gama wasa da ni ya bar mini ɗakina. Matata ta kwance kwanukan da ta ɗaure.

Hukuncina shi ne in kwaso tsofaffin takardu daga sito in riƙa karanta wa Madam Rifkatu tana sake bugawa, har damina ta wuce. Ita ta laƙaba mini sunan. Ran da na gaji na ce, "Madam, ai ke ma kin ce gara da na cire," sai ta dube ni ta saman tabarau.

"Na ce ka cire juji, Tsintsiya. Ban ce ka mai da kamfani juji ba. Karanta."

Tun daga ranar, duk skirif ɗin da na rubuta, bayan kowane "shiga" sai na sa "in ka kasa, tsaya nan". Ba na rubuta "an gama lafiya" sai na'ura ta tabbatar da lafiyar. Ina gwaji a inda ba abin asara. Kuma ban sake toshe wa kwamfuta baki ba, ta yi ta ƙorafinta a gaban kowa. A gida ma, in za a yi baƙi matata ta ce a kawar da kwandon shara, sai in ce a bar shi inda yake. Baƙo ya ga juji ya fi ya ga abin da na gani.