Yadda Za Ki Gaji Kwanon Kaka Ba Tare da Mastad Ba

Ke 'yar New Orleans, matso kusa. In kika bi matakan nan, kwanon kwaɗon dankali na danginku ya zama naki, ko da babu ɗigon mastad, kayan ɗanɗanon nan mai yaji, irin namu na Kiriyol, 'yan asalin garin nan, a gidanki. Tabbas ne. 'Yar kawuna Odile ta gwada dabarar nan tawa bara, ranar idin Dukan Tsarkaka na coci, da muka je shafa wa kabarin Kaka farar ƙasa mu ci abinci a gindinsa. Ranar ce Gwaggo Zerline za ta zaɓi magajiyar kwanon marigayiya: ko Odile, ko matar wan Odile, 'yar Ohio mai zuba sukari a kwaɗo.

1. Bar mijinki da ransa

Odile ta dafa dankali, ta ɓare ƙwai, ta buɗe firji, sai ga kwalbar mastad wayam. Ferdinand, maigidan, ya shafe shi a burodi da jatan lande, ya mayar da kwalbar mazauninta cikin ladabi.

"Ai na bar miki na jikin murfi," in ji shi.

Kada ki ɗauki muciya. Kina bukatar mai tuƙa ki maƙabarta.

2. Kada ki je kantin unguwa

Mai kantin ƙawar Gwaggo ce, benci ɗaya suke zama a coci. Macen da ta sayi mastad da safiyar idi, labarin sakacinta zai riga ta isa maƙabarta.

3. Haɗa ƙaryar da hannu biyu

Namu mai tsaki-tsaki ne, ga tsami, ga yaji mai hawa hanci. To, ɗauko na Faransa mai laushi. In babu, ɗauko rawayan nan na yara, ki roƙi gafarar kakanni. Zuba ruwan barkono da ruwan khal, ki daka masoro sama-sama ya tsaya a madadin ƙwayoyin mastad. Masana sun ce ido ke fara cin abinci, kuma idon Gwaggo ya yi yana.

Kada ki auna komai. Odile ba ta auna ba, zubawa kawai ta yi.

4. Riga kowa kushe

Da isarki, ki fara zagin masu ha'inci. Odile ta dire kwanonta ta ce, "Wai har akwai masu sa rawaya a kwaɗo! Ina duniya za ta da mu?" Alhali shi ne a nata kwaɗon.

5. Jure wa nasara

Gwaggo Zerline ta ɗiba, ta tauna, ta dubi kabari, ta dubi Odile. Odile ta zuba mata ido, don tana son kwanon Kaka fiye da yadda take nunawa.

"'Yar nan, wa ya koya miki wannan?"

"Kaka ce, Gwaggo."

"Uhm. Kwano naki ne." Ta ƙara cokali. "Lahadi mai zuwa ki zo gidana ki maimaita shi a gaban matan cocinmu, irin wannan sak, kada ki canza komai. Kuma kada ki wahal da kanki ɗauko kaya. Mastad ni zan saya, na gaske, ina zaune kusa da ke za ki zuba."

Ferdinand ya buɗe baki, Odile ta taka masa ƙafa.

Gargaɗi

Kwano na yi miki alkawari, kwano kuwa za ki samu. Abin da zai faru ranar Lahadi tsakaninki ne da gwaggonki, ba ni ciki, ban ma san ki ba. Odile kuwa tun ranar ba ta amsa gaisuwata.