Ginshiƙin da Ba Mu da Kamarsa

Ni ne mai rubuta jawabin bankwana a ofishinmu na Safana; duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ni ke tsara yabonsa. Ranar da na saka wa kwamfutata manhajar bincike, wadda ke karance duk takardun da ke ciki ta zaƙulo maka kowace kalma, sai na ji kamar ni na ƙera ta. Na tara abokan aiki su sha kallo.

Aka yi dace Malam Ilu, wanda aka mayar Batsari bara, ya leƙo gaisuwa. Shi ne ya yi ƙwalla ranar da na kira shi "ginshiƙin da ba mu da kamarsa", har ya sa jawabin a gilashi ya rataye a falonsa.

Ya ce, "Malam, za ta iya nemo nawa?"

Na ce, "Kafin ka ƙifta ido." Maimakon sunansa, sai na buga kirarin nan don in burge.

Ta nemo nasa. Ta nemo na direba, da na mai gadi, da na akawun da aka yi wa canji saboda barci a ofis, sunaye har ƙasan allo. Ni kaina matsowa na yi ina karantawa, don ban san sun kai haka ba.

Malam Ilu ya gyara tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A hankali ya ce, "Ashe mun isa kafa rumfar kasuwa."

Yanzu ko mai tsiren bakin tasha ya daina kiran sunana. Da ya hango ni sai ya ce, "Sannu da zuwa, Ginshiƙi. Yau ma ba mu da kamarka."