Tabawa da Kasuwar Gobe

A Dajin Marke komai da tsarinsa. Majalisar dabbobi tana zama a gindin kuka, Ɓauna ce Kakaki, babban aikinsu kuwa a shekara shi ne zaɓen yankin da za a ƙona bayan damina, don sabuwar ciyawa ta tsiro. Al'ada ta tanadi abu biyu: a yi shela kwana uku kafin a sa wuta, kuma ba a ƙona unguwar ɗan majalisa. Na biyun nan ba a taɓa karya shi ba.

Nesa kaɗan da kukar akwai Kasuwar Gobe ta Nomau Burgu, inda ake caca kan abin da bai faru ba. Burgu zai jera ƙorai, wannan ta gabas, waccan ta yamma, kowa ya zuba hatsinsa inda yake zaton wuta za ta ci. Waɗanda suka dace su raba na sauran. Ƙwaryar da kowa ya raina, idan ta ci, ita ce mai tsoka.

Bara an yi shelar gabas, kowa ya zuba a gabas. Honarabul Jatau Gyado ya lallaɓa ya zuba a yamma, washegari da safe ya kawo ƙudurin gaggawa, aka juya wutar ba shela ba komai. A yamma Tabawa Zabuwa take da 'ya'yanta goma sha ɗaya, ko tashi ba su fara ba. Ta dawo daga kiwo ta tarar da toka. Gyado kuwa sai da ya gina rumbu na biyu.

Da surutu ya yi yawa, majalisa ta zauna kan dokar ɗa'a. Wa ya kawo ta? Gyado! Tabawa tana cikin 'yan kallo ya miƙe ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe Kakaki, 'yan'uwa masu girma, amana aka ba mu. Bai dace mai yanke hukunci ya yi caca a kan hukuncinsa ba. Duk wanda aka kama a cikinmu, a tsige shi. Zuciyata tana tare da waɗanda tsautsayin bara ya rutsa da su."

Tsautsayi! Tabawa ta yi ƙwafa. Wallahi da tana da haure irin nasa da a wurin za ta farke masa ciki. Aka yi tafi, doka ta wuce. Tun daga ranar babu ɗan majalisar da ya sake taka kasuwa, sai surukansu da ƙannen matansu ne suka wayi gari da son caca.

Bayan kwana biyu ta je wurin Burgu.

"Malam Nomau, ka jera sababbin ƙorai, kowane ɗan majalisa da tasa. A yi caca kan wanda dokar nan za ta fara ci."

Burgu ya shafa gashin baki. "Baiwar Allah, ke me za ki samu?"

"Ko ƙwaya ba zan zuba ba. Kai dai jera."

Daga nan ta shiga daji yabon Gyado, tana yi bakinta na ɗaci. A mashaya ta ce uban doka ne, a kiwo ta ce ko ita da ta rasa 'ya'ya ta shaida gaskiyarsa. Talakawa suka ce to, tunda har Tabawa ta faɗa, ai magana ta ƙare. Suka yi ta zuba hatsi a ƙwaryar Dila da ta Kura. Ta Gyado ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Ta san bayin Allah nan za su yi asara, abin bai hana ta ci gaba ba.

'Yan majalisa suna da ido. Ga ƙwaryar Gyado wayam, ga hukunci a hannunsu, kuma kowannensu ya san ta hannun wa Gyado yake zuba nasa. Kafin mako ya zagayo surukai sun ziyarci Burgu ɗaya bayan ɗaya, suna zuba hatsi a ƙwaryar Gyado.

Ran zama Dila ya miƙe, har da ƙwalla. "Ranki ya daɗe, da nauyin zuciya nake magana, domin Honarabul Jatau aminina ne. Amma doka ba ta san amini ba." Aka kawo shaidu shida, har da ƙanen matar Gyado.

"Haba 'yan'uwa!" in ji Gyado. "Waye a cikinku ba ya yi?"

"Majalisa ba ta ji wannan ba," in ji Ɓauna. Aka tsige shi ba hamayya.

Tsigewar ba ita Tabawa take jira ba. Sarƙaƙiyar da ke kewaye da ramin Gyado shekara tara wuta ba ta taɓa ta ba, ta bushe ƙamas, yanzu kuma ba unguwar ɗan majalisa ba ce. Bana shela ta ce kudu, talakawa suka zuba a kudu, surukai suka zuba a arewa, unguwar Gyado. Ranar sa wuta Kura ta kawo ƙudurin gaggawa, ta ce ai an taɓa yin haka, aka juya wutar arewa.

Da hantsi Gyado yana can gindin kuka yana roƙon a sake duba shari'arsa, matarsa ta fita tono, 'ya'yansa huɗu suna wasa a cikin sarƙaƙiya. Tabawa tana kan reshen marke ta hango Shirwa, mai aikin sa wuta, tafe da garwashi. A dajin nan zabuwa ce ke fara ganin haɗari ta kwarma ihu kowa ya gudu, kuma da ta yi ihun da yaran sun kai rafi. Ihun ya taso mata har maƙogwaro. Ta dubi ƙaraminsu, yana bin fara yana tuntuɓe. Ta haɗiye ihun, ta gyara zama.